Ƙaramin Faifai a Jeren Inna

Tun ranar da aka miƙa mini tsintsiya da bokiti a biron nan, wato ofis, nake ɗauke da tsoro guda ɗaya: kada injin ya mutu a hannuna. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Da shi nake fita daga gida, da shi nake komawa. In na zo goge ƙasa, sai in matse tsumma har tafin hannuna ya yi zafi, sannan in zagaye teburin injin kamar mai zagaye gidan rina.

Biron na wani aikin taimakon manoman tattasai ne, ɗaki uku da ƴar baranda, nan cikin Diffa, a shekarun da wayar hannu ta fara shigowa gari. Mu huɗu ne a ciki: Dirakta, mutumin yamma, wanda Hausarsa ta koyo ce kamar tawa, sai Madam sakatare, sai mai gadi, sai ni. Inji ɗaya ne tal, a kan teburin Madam. Su suna ce masa ordinater, ƴan ƙetaren kogi su ce kwamfuta. Ta cikinsa ake aika rahoto zuwa babban biro, ta cikinsa amsa ke dawowa.

Abin da ya sa tsoron ya yi mini nauyi, ɗana ne. Yana da ciwon ƙirji tun yana goye. Ƙauyenmu kusa da Geskeru yake, kuma duk wanda ya san wajen ya san in tsinkar tattasai ta zo, ko'ina ja ne: tsakar gida, kan rufi, bakin hanya. Babba ma atishawa yake, balle jariri. Shekarar farko numfashinsa ya sarƙe har leɓensa ya sauya launi, muka kawo shi asibitin Diffa a bayan mota. Lokotoro ya ce a nisanta shi da shanyar tattasai, a zauna kusa da asibiti. Surukina ya yarda in zauna gidan ƙanwarsa, wadda muke kira Gwaggo, amma da sharaɗi. Ya ce, "Mace ba ta zaman birni haka kawai, mijinta yana ƙauye. In akwai aiki, to. Ranar da aikin ya ƙare ku tattaro ku dawo." Mijina kuwa duk ranar kasuwa yake shigowa da buhunansa, ya gan mu, ya koma. Ka ga ke nan tsintsiyar nan ita ce ta tsaya tsakanin ɗana da tattasai.

Karatuna aji uku ne na lakwal, wato makarantar boko, sai na yaƙi da jahilci daga baya, wanda da shi nake wannan rubutu. Faransanci ba na karanta shi. Amma Allah ya ba ni ido, kuma wanda ba ya karanta sunan abu dole ya riƙe kamanninsa. Ba wanda ya san bayan injin nan kamar ni. Su gabansa suke zama, ni ce mai durƙusawa a ƙarƙashin tebur. Madam tana shigowa take kunna shi, don yana daɗewa kafin ya farka, lokacin ina ƙarasa shara. Daga ƙasa nakan ga inda wata shuɗiyar waya ta shiga jikinsa. Daidai nan akwai ƴan fitilu biyu kamar idon ɓera: koriya tana tsaye, rawaya tana ƙiftawa. Kullum sai na duba su. In na gan su, sai in ce to yau ma ban kashe shi ba.

Wajen wata biyu kafin abin ya faru, Dirakta ya ce a rage tarkacen da ke cikin armuwar, wato akwatin ƙarfen nan mai tsayi da ake ajiye takardu. Madam ta zauna ta tsince abin da take ganin ya tsufa, ta cika kwali guda, ta ce, "Ɗauki ki zubar." Takardun na ba mai ƙosan bakin hanya. A ƙasan kwalin kuma na tarar da fayafan sede, masu walƙiya kamar madubi. A wajenmu ba a zubar da irin wannan. In shinkafa ta fara ido, ana ɗaura su a igiya a gona, iska ta riƙa juya su, walƙiyar ta kori tsuntsayen jan-baki. Na haɗa su na ba mijina ya kai wa Baba, mahaifina. A cikinsu akwai ɗan ƙarami, bai fi bakin kofin shayi girma da yawa ba, da hoto a bayansa. Na juya shi sau biyu don kyansa, na jefa cikin sauran.

Sai injin ya fara ciwo. Ya yi nauyi, yana mutuwa da kansa, takardun Madam suna ɓacewa. Aka ce cuta ce ya ɗauka daga ƴan makullan nan na ajiyar takardun inji da baƙi ke zuwa su soka masa. Ga rahoton ƙarshen zango ana jira a babban biro. Aka kira mai gyara daga Damagaram.

Ya iso ana gobe kasuwa, dogo siriri, da jakar baya cike da fayafai. Na kawo masa ruwa na gaishe shi. Da jin Hausata ya ɗago.

"Wannan harshen na Barebari ne. Dirakta, an gode, ashe har baiwa aka ajiye mini."

Na dubi hancinsa na gane. Na ce, "Bafillatani ne? Wa ka bar wa shanun mutane ka zo kiwon inji?"

Ya yi dariya har ruwa ya ɗiga masa a riga. Tsakanin Fulani da Barebari ba a fushi, haka muka tarar. Ko a gaban wa za ka iya gaya masa abin da ba ka iya gaya wa wanka. Ranar ban san wasan nan zai yi mini rana ba.

Ya kwashe abin da ya rage na takardun Madam a makullinsa, ya ce sai an wanke cikin injin tas an sake zuba masa sistem, wato hankalin da yake aiki da shi. Allon ya yi shuɗi, wani layi ya kama tafiya kamar kunkuru. Ana cikin haka wani tsoho ya shigo daga bakin kogi da kukan injin ban-ruwansu, ba ya jin Hausa, aka kira ni na yi musu tafinta da Dirakta kamar yadda nakan yi. Da na dawo da shayi na tarar mai gyara ya daina wasa.

Wai a tsakiyar zubin, injin yakan ƙirga kayan jikinsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ga allo, ya ga madannai, ya ga na'urar buga takarda. Da ya zo kan katin rezo, wanda shi ne ƙofar da saƙo ke fita da shiga, sai ya wuce kamar babu shi. Aka gama zubi, komai ya tashi fes, amma ba hanyar aika ko harafi ɗaya. A wajen da sunan katin ya kamata ya fito, sai wata alamar tambaya rawaya.

Na tsaya bakin ƙofa da tire ina kallo. Ya zura hannu bayan tebur da lalube, ya zare shuɗiyar waya ya sa wata. Shiru. Ya kashe injin, ya kwance kusoshin gefe, ya buɗe cikinsa. Ya zaro wani ɗan allo kore, tsawon tafin hannu, da jerin haƙoran zinariya a ƙasa kamar mataji. Ya hure shi, ya goge haƙoran da gom, robar goge fensir, ya mayar. Alamar tana nan. Ya sake zaro shi ya sa a wani rami na kusa. Tana nan. Ya juya katin yana neman suna, babu, irin na kasuwar Maiduguri ne da ba a rubuta musu komai. Ya gwada fayafan jakarsa kaf. Da la'asar ya tafi siber ɗin cikin gari, shagon da ake biya a shiga intanet, ya kwaso waɗansu abubuwa a makulli, su ma injin ya ƙi su.

Lokacin da ya ajiye katin a kan tebur, wani abu ya taɓa ni. Na san na taɓa ganin matajin nan, amma ban tuna ina ba.

Washegari, ranar kasuwa, Dirakta ya shigo fuska a ɗaure. An kira shi daga babban biro tun da safe. Ya ce wa mai gyara, "Gaya mini gaskiya, me ya same shi?"

"Wataƙila katin ya ƙone. Wuta takan yi haka. Danshi ma yakan yi."

"Danshi."

Dirakta ya sunkuya ya dubi gindin injin. Akwai ɗan tsatsa a kusurwa ɗaya, wanda da shi aka kawo injin, na san shi tun ranar farko. Daga tsatsan idonsa ya koma kan bokitina.

"Sau nawa na ce ban da ruwa a ɗakin nan? In ruwa ne ya kashe shi, ƙarshen wata ba sai kin zo ba."

Abin da na yi shekara ina jin tsoro ya zo. Na san hannuna, na san tsummana. Sai dai mai shara ba ta musu da Dirakta. Amma Babarbariya tana iya yi wa Bafillatani magana ko a gaban wa. Na juya wajen mai gyara.

"Bafillatani, in tambaye ka. Saniyar da ta mutu tana buɗe ido?"

"Sai dai ta Barebari."

"To sauko daga kan kujera ka duba bayan injinka. Tun jiya gabansa kake kallo kamar mai zance."

Madam ta rufe baki da hannu. Shi kuwa ya dube ni, ya ga ba wasa zalla ba ne, ya durƙusa ya cusa kai ƙarƙashin tebur. Na ce, "Koriyar tana nan kamar kullum. Ƴar'uwarta rawaya ce ta rage ƙiftawa tun jiya."

Ya daɗe a ƙasan. Ya zare wayar, koriyar ta mutu. Ya mayar, ta kama. Ya fito yana kakkaɓe gwiwa.

"Dirakta, ba zan rantse ba, amma katin da ruwa ya ci ba ya cika yin haka. Wuta tana shigarsa, yana jin waya. Ina ganin da ransa."

"To me ya sa injin bai gan shi ba?"

"Jiya da tsohon nan ya shigo yana Barbarci, ba ya nan ne? Yana nan, a gabanka. Amma sai da aka kira wannan baiwar tawa kafin ka san abin da ya kawo shi. To haka. Kowane kati da tafintansa, pilot ake ce masa. Tsohon sistem yana da shi a ciki, na wanke na wanke da shi. Da na san haka da na kwafe shi tukuna, wannan kuskurena ne. Na jakata ba su dace ba, na siber ba su dace ba, tun da ban san sunan katin ba. Amma duk wanda ya sayi kati, da ɗan faifai yake zuwa a kwalinsa. Ina nasa?"

Aka buɗe armuwar. Aka fito da komai. Babu. Na ga Madam ta tsaya da hannu ɗaya a kan ƙofar ƙarfen, ba ta nema. A nan matajin ya faɗo mini.

Na ce, "Ɗan ƙarami ne? Da hoton wannan koren abin a bayansa, haƙoran suna kallon ƙasa?"

Duk suka juyo suna kallona.

"Kin gan shi?" in ji mai gyara.

"Yana gonar shinkafar Baba, yana korar tsuntsu."

Dirakta ya ce, "Kin kwashi kayan biro kin kai ƙauye?"

"Kwalin da aka fitar ranar gyaran armuwar ne. An ce in zubar, ni kuma ban iya zubar da abin da ke da amfani ba."

Ban ce wa ya ce ba, shi ma bai tambaya ba, don ya san wanda ya ce a rage tarkacen. Mai gyara ya girgiza kai. Ya ce in faifan ya yi wata biyu a ranar bakin kogin Komadugu, ya riga ya lanƙwashe kamar banda. Kuma shi gobe da azahar zai bi mota, akwai masu jiransa a garin Maine. In ba faifai, sai dai a aiko da sabon kati daga Damagaram, tsohon katin kuma ba mai iya shaida cewa da ransa. Dirakta ya ce, "Je ki kawo. In ya yi aiki, maganar ruwa ta mutu. In bai yi ba, kin ji abin da na ce."

Wuyar ba tafiyar ba ce. An fara tsinkar tattasai, ba zan kai yaron can ba, kuma tun da na haife shi ban taɓa kwana ba tare da shi ba. Na kai wa Gwaggo maganinsa, na nuna mata cokalin, na sake nuna mata. Na ce in ta ji ƙirjinsa yana fito kada ta jira. Na ce kada ta kunna turare. Na ce kada ta bar shi ya sha ruwan randa.

Ta ce, "Ke, bakwai na goya kafin a yi bikin uwarki. Tafi, kina tsorata mini yaro."

Na samu mijina a kasuwar tattasai yana naɗe buhunan da ya juye. Da na gaya masa, ya ce, "Yanzu a kan abin korar tsuntsu za a kore ki?" Na ce ba za a kore ni ba, ya nema mini wuri a mota. Muka bi motar ƴan kasuwa masu komawa, muka isa rana ta karkata.

Ban shiga gida ba, gona na wuce. Kogi ya cika har gindin itatuwa, shinkafa ta sunkuyar da kai. Tun daga nesa na hango su, jere a igiya daga wannan sanda zuwa waccan, suna wal-wal. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da ruwa har ƙauri. Gaskiyar Bafillatani, duk sun karkace, waɗansu fatarsu ta ɓare. Na kai ƙarshen igiya na dawo. Ƙaramin ba ya ciki.

Baba yana kan rumfar tsaro da gwangwaninsa. Da Barbarci muka yi maganar, amma ga yadda take. Ya ce, "Lafiya, uwata? Ko tsuntsu ne ya aiko ki ki kwance masa?"

Na kwatanta masa da yatsu.

"Wannan ɗan mitsitsin? Yini ɗaya na rataye shi. Jan-baki ya zo ya sauka a igiya yana duba fuskarsa a ciki. Na ce wannan ba ma'aikaci ba ne, ɗan kwalliya ne, na kai wa uwarki."

Ɗakin Inna irin na iyayenmu ne, jeren kwanoni da tasoshi daga ƙasa har kusa da rufi, kowanne yana sheƙi. A tsakiyar jeren, a kan ƙusa, ga shi nan. Ta zura masa jan zare ta rami, ta yi masa ɗan tuntu. Na juya shi. Koren mataji, haƙora suna kallon ƙasa. Ko ƙwarzane ɗaya babu.

Inna ta ce, "Ajiye mini abina."

"Inna, na biro ne, ana nemansa."

"Da suka zubar ba su san nasu ba ne? Duk matan unguwar nan sun zo sun gan shi. Har an tambaye ni ko daga Makka aka kawo."

"In ban kai shi ba, ƙarshen wata ni da mijinki muna nan ɗakin."

Mijinta take kiran ɗana, irin na kaka da jika. Ta dubi tsakar gida, inda aka baza tattasai har bakin ƙofa. Sai ta miƙo hannu ta karɓe shi. Ta sa haƙori ta tsinke zaren da kanta, ta naɗe faifan a sabon ɗankwali ta miƙo mini. Sai da na kai ƙofa ta ce, "Ki ce wa mai gyaran, in sun gama da shi ina so."

Yadda na kwana ba sai na faɗa ba. Da hantsi na samu mota, a saman buhuna, faifan yana cikin rigata. Da muka shigo Diffa na biya gidan Gwaggo. Daga zaure na jiyo shi yana dariya, ana buga masa murfin tukunya. Ban shiga ba, don kayana duk ƙurar tattasai ce. Na saurari numfashinsa tsakanin dariya da dariya, na ji shi sarai, na wuce biro.

Mai gyara ya riga ya ɗaure jakarsa. Ya karɓi faifan ya duba hoton, ya duba ni.

"Barebari da ajiya. Da mutum ne ma da kun sa shi a jere."

Ya sa shi a ɗan tiren injin. Muka tsaya mu huɗu, har mai gadi ya leƙo ta taga. Injin ya yi gurnani, ya yi shiru, ya sake gurnani. Sai wani rubutu ya fito. Ba sai an karanta mini ba, na gani a fuskar Madam. Ya fitar, ya hure, ya mayar. Haka dai.

"Ba ya karantuwa," in ji shi, a hankali, ba ya kallona.

Dirakta ya juya zai koma ɗakinsa.

Na ce, "Ba ni in gani."

Na ɗaga shi wajen taga. Ba ƙwarzane, amma walƙiyarsa ba irin ta ranar da na fara ganinsa ba ce, ta dushe kamar gilashin fitilar kwai. Na kai shi hanci. Turaren wuta ne da mai. Inna kullum sai ta turara ɗakinta, kuma duk abin da ke jerenta da tsumma mai ɗan mai take goge shi don ya yi sheƙi. Wata biyu yana shan wannan gata.

"Datti ne. Ana wanke shi?"

Mai gyara ya shinshina shi ma, ya ce, "Ana wankewa. Ruwa da sabulu kaɗan. Amma ba a zagaye shi kamar kwano. Daga rami zuwa baki, a miƙe, kuma sai ya bushe ƙayau."

Na ɗauko bokitina, na zuba sabon ruwa, na ajiye shi a baranda inda kowa ke gani. Dirakta ya tsaya a ƙofarsa. Na shafa sabulu a yatsa biyu, na bi faifan daga rami zuwa baki, daga rami zuwa baki, har na zagayo. Ruwan da ya sauka ya yi launin shayi. Na ɗauraye, na tsane shi da gefen ɗankwalin Inna wanda bai taɓa mai ba, na riƙe shi a inuwa ina fifita shi.  Wanki dai ba wanda zai koya mini a biron nan.

Wannan karon injin bai yi gurnani ba, wani siririn sauti ya yi kamar na sauro. Mai gyara ya danna nan, ya danna can, ya nuna wa injin inda zai nemi tafintan. Wani layi ya cika. Alamar tambayar ta ɓace, wani dogon suna ya fito a wurinta. Su duka suka matsa gaban allo. Ni kuwa na durƙusa ƙarƙashin tebur. Koriya tana tsaye, rawaya tana ƙiftawa da sauri kamar mai ba da labari bayan doguwar tafiya.

Daga ƙasan na ce, "Ya tashi."

Madam ta aika rahoton kafin azahar. Mai gyara ya kwafi abin da ke cikin faifan a wuri biyu, ya rubuta sunan katin a takarda ya manna a jikin injin. Da zai tafi ya tsaya a baranda ya ce, "Na ƴanta ki, ba don halinki ba." Na ce ya gaida shanu. Na kuma isar da saƙon Inna, ya zaro wani faifai babba da ya mutu a jakarsa ya ce a kai mata, wannan ya fi na Makka.

Dirakta bai ce mini yi haƙuri ba, kuma ban jira ba. Da la'asar ya kira ni, ya zare makullin armuwar na biyu daga zobensa ya ajiye a bakin tebur.

"Daga yau ba a fitar da komai daga ciki sai kin gani. In kin ce kin san shi, ya zauna."

Madam ta same ni ina shanya tsumma. Ta tsaya kamar za ta yi dogon bayani, sai ta ce, "Yaya ƙirjin yaron?" Na ce da sauƙi. Muka bar ta a nan, kuma mun zauna lafiya har aka sauya mata wurin aiki.

Na ɗinka wa faifan ƴar jaka da ragowar atamfa, na ɗaure ta a ƙafar tebur ta ciki, inda ni kaɗai ke gani. Da aka ƙaro injina biyu daga baya, kowanne na yi masa tasa, launi dabam. Ƙarshen wata ya zo ya wuce, na zo aiki. Tsinkar tattasai ta wuce, wata ta zo ta wuce, ɗana yana Diffa, har ya shiga lakwal ƙirjin ya fara sakinsa. Tsoron bai bar ni gaba ɗaya ba, har na bar aikin ina matse tsumma kamar da. Amma na daina zagaye teburin.

Roƙona ga mai karanta wannan kaɗan ne. In kana da inji, kafin ka bari a wanke masa ciki, nemi ɗan faifan da ya zo da kayansa, ka ajiye shi a jikinsa. In kuma wani abu ya ƙi tashi a wurin aikinku, kafin ka dubi bokitin mai shara, ka tambaye ta abin da ta gani.